Yarana sun ƙi zama a ɗauke su hoto, har abin ya kai ga mari

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Makka, 'ya'yana uku: babbar shekararta 7, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 4, sai autar mai wata 14. Asalinmu Hausawan Sudan ne, mahaifiyar maigidana tana Gadarif. Tunda yaƙi ya ɓarke a 2023 ba mu samu zuwa ba, ita kuma tsufa da ciwon ƙafa sun hana ta zuwa Umra. Autar sunanta ta ci, amma ba ta taɓa ganinta ba. Kiran bidiyo ba ya yiwuwa sosai saboda intanet ɗin can, ga idonta ya yi rauni. Abu ɗaya ta roƙa: hoton jikokinta a tare, a wanke a kai mata. Mun ɗinka musu kaya, muka je shagon hoto bayan sallar isha'i. Babbar ta zauna lafiya, namijin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, autar kuwa tana ganin mai hoton ta tsala ihu. Da muka sake komawa abin ya fi na farko muni, har Abbansu ya kwaɗa wa yaron mari a gaban mai hoton. Yanzu ko waya aka ɗaga sai ya ruga bayan ƙofa. Abbansu ya ce ni na sangarta su, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, 'ya'yan wasu sai ka ga hotonsu kamar an dasa su. Maƙwabciyata ta ce in ɗan ba su maganin mura mai sa barci kafin mu fita. Anti, ni na lalata su? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Bari in fara da shawarar maƙwabciyarki, domin a duk wasiƙar ita kaɗai ce za ta iya jawo abin da ba shi da gyara. Kada ki ba su maganin nan, ko rabin cokali. Magungunan mura da tari masu sa barci an hana bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda suna iya danne masa numfashi ko su hargitsa bugun zuciyarsa, a Ingila ma hanin ya kai har shekara 6. Ga shi a jikin wasu yaran aikinsa juyewa yake yi, maimakon yaro ya lafa sai ya ƙara birkicewa. Na tabbata da kyakkyawar niyya ta faɗa. Ki gode mata, ki kuma sanar da ita wannan, don kada wata rana ta gwada a kan nata.

Sai tambayarki. A'a, ba ki lalata kowa ba. Abin da kika ba ni labari lafiyayyun yara ne guda uku, kowanne ya yi abin da shekarunsa suka ba shi. Ihun autar ƙiwa ce, kuma kowace uwa ta san ta: takan fara wajen wata bakwai ko takwas, ta yi ƙarfi a kusa da shekara guda, ta riƙa sassautawa idan yaro ya doshi shekara biyu. Yarinya ta gane waye nata waye baƙo, sai aka raba ta da jikinki, aka ɗora ta a kujera, wani mutum da ba ta sani ba ya tunkaro ta da baƙin abu ya rufe fuskarsa, haske yana walƙawa. Da ta yi shiru ma da na fi mamaki.

Shi kuwa ɗan shekara huɗun, ki dubi ranar daga inda yake tsaye. Sashen ƙwaƙwalwar da ke taka wa mutum birki, wanda ke bayan goshi, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 180 kowace rana, wato awa uku cur. To yaron da zafin Makka ya kulle a ɗaki tun safe, babu tsakar gida babu ƙofar gida, ƙarfin nan duk yana tare a jikinsa. Dare ya yi, barci da yunwa sun fara taɓa shi, aka sa masa sabuwar jallabiya mai taurin wuya, aka shigar da shi ɗaki cike da fitilu da wayoyi da wasu lemomi masu sheƙi da bai taɓa gani ba, sannan aka ce kada ya motsa, kada ya taɓa, ya kuma yi murmushi. Abin da aka nema a wajensa ba shi da shi a wannan lokacin. Tarbiyya ita ce ya gaida manya, ya ci da dama, kada ya ƙwace na ƙanwarsa. Zama kan kujerar mai hoto ba ya cikin ma'auninta.

Wannan zaman shiru da muke tilasta wa yara ma gado ne daga na'urar da aka daɗe da daina aiki da ita. Lokacin da aka bayyana fasahar hoto a Faransa a 1839, sai mutum ya yi mintuna bai motsa ba kafin hoton ya kama. Ko bayan lokacin ya ragu zuwa daƙiƙoƙi, shagunan hoto suna da wani ƙarfe da ake tokare ƙeyar babba da shi. Jarirai kuwa, a Ingila da Amurka uwa ce ake lulluɓewa da mayafi tun daga kai har ƙafa, ta zauna a matsayin kujera, a ɗora mata yaron ta riƙe shi ta cikin mayafin. Har yau akwai irin waɗannan hotuna, sai ki hango yatsun uwar sun leƙo. A nan Makka ma, wani likita mai suna Abdulgaffar da ya riƙa ɗaukar mutanen gari da alhazai a shekarun 1880, da farantan gilashi yake aiki, dole wanda ake ɗauka ya daskare. Wayar da ke hannunki, idan haske ya wadata, tana kama hoto a cikin kashi ɗaya bisa ɗari biyar na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. Yaro yana tsalle ma za ta tsayar da shi. Idan haske ya yi ƙaranci ne take daɗewa, hoton ya fito dishi-dishi. Saboda haka haske za ki nema musu, ba zama ba.

Yanzu maganar Abbansu, wadda ta fi hoton nauyi. Marin nan kuskure ne, ba zan lulluɓe miki ba. Yaron bai yi laifin da ya kai haka ba, kuma ga sakamakon kuna gani a bayan ƙofa. Amma ina so ki lura da abin da ke cin mutumin nan. Mahaifiyarsa ta tsufa a ƙasar da ake yaƙi, ya kasa zuwa, ya kasa kawo ta. Duk tsawon lokacin nan abu ɗaya ta buɗe baki ta roƙa, ɗan ƙaramin abu, shi ma yana neman gagarar sa a gaban baƙo, bayan an kashe kuɗin ɗinki da na mai hoto. Ina jin tsoro ne a ransa, kada ta cika bai yi mata ba. Namiji da wuya ya ce tsoro yake ji, sai abin ya fito ta faɗa. Wannan ba ya wanke marin, amma yana nuna miki ta inda za ki shiga.

Kada ki tsaya musu da shi kan wa ya sangarta wa, ba za ku gama ba. Ki bari yara su yi barci, ya ci abinci, ki fara da Hajiya mahaifiyarsa: ki ce masa kin san yadda abin ke damunsa, kuma ke ma burinki hoton nan ya isa hannunta. Daga nan ki faɗa masa yadda yaron yake yi idan an ɗaga waya, ki faɗa a sarari, ba da zargi ba. Idan ya kawo maganar icce da tanƙwarawa, ki tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa tsawaita sujada yana limanci har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, ya ƙi ya gaggauta shi. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. A cikin salla ke nan, balle gaban kyamara. Hotunan 'ya'yan wasu da yake gani kuwa, guda ɗaya ne aka tsamo daga cikin tarin waɗanda suka lalace, sau da yawa ma mai hoton ya ɗauko fuskar yaro daga wani hoton ya liƙa a wannan da kwamfuta.

Gyaran tsakaninsa da yaron shi zai yi da kansa, ba ke za ki yi masa ba. Ya riƙo hannunsa su je kanti su biyu, ya ce masa, "Ranar nan na yi fushi na mare ka, bai kamata ba." Uba ba ya raguwa da wannan. Bayan kwana biyu ya miƙa masa wayar ya ce, "Zo ka ɗauki Abba hoto." Ya ɗauki Abba, ya ɗauki takalmi, ya ɗauki ƙafar autar, ku zauna ku kalla tare kuna dariya. Yaron da aka bari ya tsaya a bayan kyamara yakan daina tsoron gabanta. Kada kowa ya nuna shi da waya sai ranar da shi da bakinsa ya ce a ɗauke shi, ko da za a yi mako biyu. Na ɗauki marin a matsayin abin da ya faru sau ɗaya, don haka kika rubuta. Idan kuwa hannu ya saba tashi a gidan, a kan yara ko a kanki, wannan wata magana ce daban: ki sa wani babba daga danginsa da yake jin nauyi, kuma ki sani a Saudiyya akwai layin taimakon yara 116111, da 1919 na cin zarafi a cikin gida.

Akwai wadda kowa ya manta da ita, babbar. Ta yi duk abin da aka ce, ta zauna, ta yi murmushi har kumatunta suka gaji, ladanta shi ne ta ga an mari ƙaninta an koma gida rai a ɓace. Ki kira ta gefe ki yaba mata. Sai dai kada a riƙa ce wa yaron "dubi yayarka", hakan ba ya zaunar da shi, gaba kawai yake shukawa a tsakaninsu.

Shawarata hoton nan a gida za a yi shi. Ki zaɓi safiyar Asabar bayan kowa ya karya, ko bayan la'asar idan autar ta tashi daga barci ta sha nono. Ki nemi ɗakin da tagarsa ta fi girma, ki yaye labule gaba ɗaya, ki kashe filashar waya, ki goge gilashin kyamarar da gefen mayafinki, don maiƙon yatsa kaɗai yana ɓata hoto. Tagar ta kasance a gefenku ko a bayanki ke mai ɗauka. Idan tana bayan yaran fuskokinsu baƙi za su fito. A shimfiɗa kafet a jikin bangon da babu tarkace, a zauna a ƙasa, ba kujera mai tsawo da za a yi ta fargabar faɗowa ba. Ke ma ki durƙusa har wayar ta yi daidai da idanunsu. Kayan kuwa a ɗauraye su sau ɗaya taurin ya fita, a sa musu a minti na ƙarshe, shi kuma ki ba shi zaɓi tsakanin hula biyu ko riga biyu, abin da yaro ya zaɓa da kansa ba ya saurin cirewa.

Kada ki ce masa ya zauna shiru, aiki za ki ba shi. Ya riƙe faranti da dabino, ko ya riƙe ƙafar autar wai kada ta gudu, ko ya raɗa wa yayarsa wani sirri a kunne. Mutum ɗaya kawai zai riƙa jan hankalinsu, kuma ya tsaya daidai bayan wayar, kansa a saman naki. A shagon hoto abin da ke faruwa shi ne uwa na kira ta dama, uba na tsawa ta hagu, mai hoto na kaɗa yatsu a tsakiya, kowane yaro ya kalli wani wuri daban. Mai jan hankalin ya ɗora 'yar hular yaron a kansa, ya yi atishawar ƙarya ta faɗo. Yara ba sa gajiya da wannan. Ke kuma kada ki tsaya jiran lokacin da ya dace, ki sa wayar ta yi ta ɗauka a jere. A iPhone ana jan maɓallin ɗauka zuwa hagu a riƙe, a Samsung ana jan sa ƙasa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi kin tara hotuna da dama, ɗaya kawai kike nema. Minti goma ya isa. Ko an samu ko ba a samu ba, a tashi tun ana dariya, gobe ma rana ce kuma babu wanda ke jiran kuɗinsa.

Kada a ba shi waya ya kalli katun kafin a fara, karɓewar ita ce kukan. Idan za ki yi masa alkawarin wani abu, ƙarami ya isa, amma ki cika ko hoto bai yi kyau ba. Wata mata ta kira ɗanta a gaban Manzon Allah (SAW) ta ce ya zo ta ba shi abu, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Yaron nan yana bukatar ya sake yarda cewa maganar manya a kan hoto gaskiya ce.

Sai abin da na fi so ki kai wa maigidan. Ya shiga hoton. Hajiya jikoki ta ambata, amma ke kin san iyayenmu mata da alkunya, uwa ba za ta ce a aiko mata hoton ɗanta ba, sai ta fake da jikoki. Fuskar da ta fi kewa ita ce tasa. Kuma shigarsa tana warware rabin matsalar: autar a cinyarsa ba za ta yi ihu ba, yaron ya jingina da kafaɗarsa ko ya hau wuyansa, babbar a gefe. Idan ke ma kina so ki shiga, tunda hannun surukarki za shi, sai a jingina wayar a kan tebur a sa mata ƙidayar daƙiƙa goma, ko wata 'yar'uwa ta ɗauke ku.

Ki kuma yi tunanin idonta. Hoton da aka ɗauka daga nesa don kaya da takalma da labulen shago su fito, fuska a cikinsa ba ta wuce girman ɗan yatsa ba, tsohuwa mai raunin gani ba abin da za ta tsinta. Ki matsa kusa. Bayan na tare, ki yi wa kowanne nasa shi kaɗai, fuska ta cika takardar, musamman takwararta. A nan ne za ta ga hancin wa ta ɗauko, goshin wa ne wannan, abin da kakanni ke nema ke nan a hoto. Irin wannan kuwa ba ya bukatar zama, ana iya ɗaukar yaro yana wasa a bakin taga bai ma sani ba.

Idan duk da haka na taren ya ƙi samuwa, akwai hanyoyi biyu. Ki ɗauki bidiyo a ma'aunin 4K, wato mai kaifin hoto sosai, na minti ɗaya ko biyu, a ciro hoto daga ciki, kowane ɗaya yana da kusan megafiksel 8, ya isa a wanke shi da girma. Ko kuma ki kai wa mai hoto guda biyu ko uku da aka ɗauka a wuri ɗaya cikin haske ɗaya, ya haɗa mafi kyawun fuskar kowa. Babu yaudara a ciki, fuskokinsu ne, ranar ce. Idan kuma maigidan ya dage sai na shago, kada ku yi jayayya, amma a canza tsari. A nemi wanda ya saba da yara, zai fi kyau shagon mata inda za ki saki jiki ki riƙe autar da kanki. A je da wuri, da zarar sun buɗe. A fara kai yaron sau ɗaya ya ga wurin, ya gaisa, a fito ba a ɗauki komai ba. Ku kuma yi magana tun farko cewa ba ku yarda a sa hoton yaranku a shafinsu na talla ba. Fita waje, kamar bakin teku a Jidda da yamma lokacin sanyi, tana ba da haske mai kyau, sai dai a kula kada iyalin wasu su shigo hoton, dokar laifukan intanet ta 2007 ta hukunta keta sirrin mutane da kyamarar waya.

Abu ɗaya zan ƙara game da yaron. Idan ƙiriniyarsa a shagon hoto da wuraren baƙunta kawai take, ki kwantar da hankalinki. Idan kuwa ko'ina haka yake, ba ya iya gama cin abinci ko sauraron ɗan gajeren labari, malamarsa ma tana kuka da shi, to ki ambata wa likitan yara a asibitin unguwarku. Ba don hoto ba, don shi.

Wajen aikawa, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka idan a can za a wanke ki tura shi a matsayin fayil. Ni dai na fi son ku wanke a nan Makka, santimita 20 da 30, a manne shi cikin leda saboda ƙura da damshin daminar Gadarif, a ba wani amintacce cikin masu komawa daga Umra, ko ta jirgin sama ko ta jirgin ruwan Jidda zuwa Sawakin da ke gaɓar Sudan. Ku rubuta sunan kowa da shekarunsa a baya da manyan baƙaƙe, a karanta mata. Kuma kada ku jira sai an samu wanda ya fi kowanne kyau. Cikin makon nan ki duba wayarki, na tabbata akwai hotunan da kika ɗauka kina ganin ba su isa a aika ba, autar da tuwo a kumatu, yaron da hula a karkace. Ki tura wa wanda ke kusa da Hajiya ya nuna mata, tare da saƙon murya yaran suna gaida Habbobarsu, wato kakarsu, saƙon murya yana wucewa ko intanet ba ƙarfi. Na bangon ya biyo baya idan yaron ya huce.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kawo ƙarshen yaƙin nan ku je ta gan su da idonta. Ki rubuto mini yadda kuka yi da Abbansu.